ZAUREN IYALI: Jinyar Tsoho a Gida, Daga Mai Wurno Zuwa Jazira

A wannan fitowa za mu leƙa Sudan, wurin danginmu na Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, da ƙauyukan Hausawa manoma da ke Jazira. A can, kamar a nan, idan ƙarfin tsoho ya ƙare a ɗakinsa ake jinyarsa, hannun 'ya'ya da surukai.

Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka su koyi aiki cikin jama'a, kuma a 2010 aka soma horar da likitocin iyali a jihar. Amma ko likita ya kai ƙwararre, ɗan lokaci yake yi da majinyaci. Sauran yini da dare na mai jinya ne. Ita ta san ko Baba ya ci tuwo, ko fitsari ya soma kufce masa, ko ya daina gane jikokinsa.

Ga inda gizo ke saƙar: sau da yawa mai jinyar nan matar ɗa ce, kunyar surukuta kuwa ba ta barin ta buɗe baki gaban Baba. Sai babban ɗa, wanda bai kwana ɗakin ba, ya amsa tambayoyin likita da "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Likita ya rubuta magani bisa labarin da bai cika ba. A ganinmu, maigida ya ba ta izini ta keɓe da ma'aikaciyar lafiya ta faɗi abin da ta gani. A gabanta kuma za a nuna yadda ake juya wanda ya kwanta, kamar kowace awa 2, don gudun gyambon kwanciya, da alamun faɗuwar sukari: gumi, karkarwa da ruɗewa. Azumin mai ciwon sukari ma, a ji ta bakin likita kafin Ramadan, ba bayan tsoho ya suma ba.

Yaƙi ya ƙara fito da wannan fili. A Disamba 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, asibitoci da dama suka tsaya, magunguna suka yi wuya, jama'a suka watse. Sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe birnin. Tsohon da aka yi hijira da shi, ba wanda ya san tarihin ciwonsa a sabon wuri sai iyalinsa. "Wata 'yar farar ƙwaya yake sha" ba ta isar likita.

Don haka kowane gida ya ajiye ɗan littafi, a roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta sunan ciwo da na magani, adadinsa da lokacin sha, da awon hawan jini na ƙarshe. Mutum biyu aƙalla su san inda littafin yake, domin mai jinya ma takan kwanta ciwo.