Sharhi: Mahalbi da Halbi, Mai Ƙarfi da Nama

Da zarar an kai amfanin gona rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai gangar farauta ta soma tashi a ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji. A wannan lokaci ne kuma ake yawan jin wani kuka da ba ya isa ofishin kowa. Mahalbi zai kwana biyu ko uku yana bin sawun barewa, da ƙishirwa da ƙaya, har Allah ya ba shi sa'a ya kayar da ita. Kafin ya gama yanka, sai ga waɗansu sun ɓullo daga bayan sabara da gora da adda, ko kuwa da abin da ya fi gora, su ce masa ya ja da baya. Haka zai koma gida hannu rabbana, kuma ba zai nufi jandarma ba, ba zai nufi alƙali ba, sau da yawa ko mai gari ba zai gaya wa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan kasuwar da ke lissafin tireloli a Maraɗi, ko ma'aikacin da ke jiran albashi a ƙarshen wata, yana iya cewa wannan ƙaramar magana ce, ta mutanen daji. Amma tambayar da ke cikinta ta shafi kowa: idan talaka ya samu abu da guminsa, wa zai tsaya masa a ranar da mai ƙarfi ya miƙo hannu? Ƙasar da ta kasa amsa wannan tambaya a kan cinyar barewa, da wuya ta amsa ta a kan buhun wake ko garken shanu.

Ba wai kakanni sun bar al'amarin ba ƙa'ida ba ne. A ƙasar Katsinar Maraɗi da ta Gobir, halbi sana'a ce ta gado, mai shugabanni da ladubba. Akwai sarkin baka, akwai sarkin dawa, akwai lokacin da ake buɗe daji da lokacin da ake ƙyale shi. Sanannen abu ne a tsakanin mahalba cewa dabba ta mai kibiyar da ta kayar da ita ce, wanda ya taimaka yana da nasa kaso, shugaba kuma yana da nasa. Malamai ma ba su yi shiru ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a kowane zaure daga Tsibiri zuwa Gazawa, hukuncin da ke cikin Muhtasar na Shehu Halilu shi ne cewa abin farauta mallakar wanda ya riga kowa kama shi ne, idan kuwa mutane suka yi jayayya alhali kowannensu yana da ikon kamawa, sai a raba musu. Ke nan wanda ya tarar da dabba a hannun mai ita ya fizge, sunansa mai ƙwace, kuma naman da ya kai wa iyalinsa haram ne. Har a ƙasashen nesa an yi irin wannan shari'a. A shekarar 1805 wata kotu a jihar New York ta Amurka ta zauna a kan rigimar dila guda tsakanin Pierson da Post, ta yanke cewa bin dabba kawai ba ya sa ta zama ta mutum, sai ya kama ta ko ya yi mata raunin da ba za ta tsira ba. Har yau ana koyar da wannan hukunci ga ɗaliban lauya. Abin lura shi ne, wata hukuma ta ga rigimar mahalba ta isa a zauna a kanta.

To, me ya rushe ƙa'idar a nan? Na farko dai dajin ne kansa ya ƙare. A ƙidayar 1988 jihar Maraɗi ba ta kai mutum miliyan ɗaya da rabi ba, a ƙidayar 2012 kuwa ta haura miliyan 3 da dubu 400. Gona ta ci saura, saura ta ci daji. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka gama da abin da gatari ya rage. Dattawan Agye suna ba da labarin gwanki da jimina, jikokinsu kuwa sai dai su gani a hoto. Abin da ya rage wa mahalbin yau shi ne zomo, zabin daji, fakara, damo, sai gada ko barewa jefi-jefi a gefen gandayen Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, ko cikin gorubar Gulbin Kaba, ko a dajin Baban Rafi can kudu. Wanda ke son ganin yadda ƙasar take a da, sai ya tafi arewa, gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 da faɗin hekta dubu 76, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da su a 2017. Ko can ɗin ma, sai da aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a watan Nuwamban 2018, aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su a mota, kafin wannan dabba ta sake taka ƙasar Maraɗi bayan shekaru masu yawa da ɓacewarta. Inda mutum ɗari ke bin dabba guda, ladabi shi ne farkon abin da ke faɗuwa.

Hannuwan da ke miƙowa kan naman mahalbi uku ne, kuma wajibi ne a kira kowanne da sunansa. Na farko hannun ɗan'uwansa ne ɗan farauta. Farautar gayya, wadda samarin ƙauyuka da yawa ke haɗuwa da karnuka da sanduna, ta daɗe da zama fagen gwada ƙarfi da tauri. A wurin waɗansu, ƙwace dabba daga hannun wani shi ne jarumtar, ya fi kashe ta daraja. Daga nan ake komawa gida da rotse da sara, gaba kuma ta shiga tsakanin ƙauye da ƙauye har shekara ta zagayo. Mutanen Kano sun san inda wannan hanya take kaiwa, domin ƙungiyoyin farauta suna cikin tushen da daba ta tsiro a birninsu.

Na biyu hannun ɗan bindiga ne. Tun wajen 2019, lokacin da dubun dubatar ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumomin Gidan Runji da Madarunfa, bakin iyakar ya zama wurin satar shanu da satar mutane don neman kuɗin fansa. Duk wanda abincinsa ke cikin daji, mai itace ne, makiyayi ne ko mahalbi, da ransa a hannu yake shiga. Mai adaka ba ya ja da mai bindigar yaƙi. Wanda ya rasa nama da bindiga da babur kawai, ya dawo da ransa, godiya yake yi wa Allah.

Na uku shi ne hannun da ya fi wuyar ambata, wato hannun mai kaki idan ya kama ba tare da takarda ba. A yi adalci: ma'aikatan gandun daji suna da hurumin kama naman da aka samu ta hanyar da doka ta hana, da makamin da aka yi aikin da shi, kuma da yawansu suna aiki cikin rashin mota da rashin mai, ga haɗari. Amma kamu na doka yana da alama. Ana rubuta takardar shaida, a faɗi laifin, a faɗi inda kayan za su, idan an biya tara a ba da rasit. Duk kamun da ba shi da waɗannan, nama ya wuce tukunya, kuɗi ya wuce aljihu, to ƙwace ne ko da mai yinsa yana sanye da hular gwamnati. A idon mutumin ƙauye kuwa, babu abin da ya raba wannan hannu da biyun farko sai launin tufafi.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wanda aka zalunta yake yin shiru? Amsar tana cikin tarihin dokar. A shekarun 1970 hukuma ta rufe farauta a Nijar, ta kuma daɗe a rufe har cikin shekarun 1990. Cikin wannan tsawon lokaci mahalba ba su daina halbi ba, sun dai koyi ɓoyewa, sana'ar gado ta koma kamar fasa-ƙwauri. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ta zo da sabon tsari. Ta sa farauta a ƙarƙashin izni, ta amince da farautar gargajiya daban da ta masu nishaɗi, ta jera dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, ta hana farauta da wuta, da guba, da fitila cikin dare, da bin dabba a mota. A takarda, tsari ne mai kyau. Amma an rubuta shi da Faransanci, a Yamai, mahalbin Gangara ko na Cadakori kuwa bai taɓa jin an karanta masa shi da harshensa ba. Bai san inda haƙƙinsa ya fara ba, bai san inda ya ƙare ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in ya je kai ƙarar wanda ya ƙwace masa barewa, tambayar farko da za a yi masa ita ce: ina izninka, ina takardar bindigarka? Mai ƙara ya zama wanda ake tuhuma. Ɓarawo ya san haka sarai, shi ya sa yake ƙwace hankalinsa kwance.

Abin da ya ƙara wa miki gishiri shi ne yadda talaka ya ga doka tana da fuska biyu. A shekarun 2000 jaridun ƙasar da ƙungiyoyin kare dabbobi sun yi ta kuka a kan ƴaƴan sarakunan Larabawa da ke sauka da ayarin motoci da shaho a arewa da gabashin Nijar, suna kwasar tuje da barewa. Wanda aka ci tararsa a kan zomo yana da kunne, ya ji wannan labari. Da wuya a shawo kansa cewa dabbar daji dukiyar ƙasa ce ta kowa da kowa.

Wannan ba ya nufin mahalba ba su da nasu laifi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu cinna wa daji wuta don zomo guda, su ƙone ciyawar makiyaya. Akwai masu kashe mai ciki da mai goyo, akwai masu taɓa dabbar da doka ta hana. Wanda ya yi haka shi ma ɓarawo ne, ya saci rabon ƴaƴansa. Sai dai ba a gyara wannan da mayar da kowane mahalbi abin zargi. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Najeriya a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu an ce masu satar mutane ne, ya isa ya nuna inda zargi maras bincike yake ƙarewa.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin baitulmali a cikinsu. A fassara dokar 1998 da Hausa da Fulatanci, a karanta ta a gidajen rediyon karkara da ranakun kasuwa kafin kowace kaka. Shugabannin gundumomin uku su sa a yi rajistar mahalba ta hannun sarakunansu na sana'a, a ba kowa kati a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a wurin da zai iya zuwa da ƙafa. Kada a fita farautar gayya sai an sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji rana da wuri, an kuma naɗa wanda zai amsa tambaya in an zub da jini. Doka ta riga ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun al'ada, to a sa rigimar nama a cikinsu, sarkin baka ya zama mai shaida, a rubuta abin da aka yanke. Inda aka yi amfani da makami kuwa, wannan fashi ne, wurinsa kotu. Kuma duk ma'aikacin da ya kama nama ko bindiga bai ba da takarda ba, a hukunta shi a bainar jama'a, domin takwarorinsa masu gaskiya su huta da zargi.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu kaso. Naman ƙwace ba ya tashi sama, kasuwa yake zuwa, a ƙyafe ko a soye, fata da ƙaho kuma su tsallaka iyaka. Hausawa sun daɗe da sanin cewa ɓarawon zaune ya fi na tsaye. Wanda ya saya da araha bai tambayi asali ba, shi ne ya biya ladan gorar da aka doka wa mahalbi.

Mutanen wannan yanki sun taɓa nuna wa duniya abin da tabbacin mallaka yake haifarwa. Tun daga shekarun 1980, sa'ad da manoman Maraɗi suka fara sakankancewa cewa itacen da suka raina a gonarsu nasu ne, sassaben zamani ya bazu, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, gonakin da suka zama fako suka sake yin inuwa. Mutum yana tsare abin da ya san ba za a ƙwace masa ba. Mahalbin da ya tabbata cewa dabbar da ya samu ta halal tasa ce, shi ne zai fara hana a kashe mai ciki, shi ne kuma zai fara kai rahoton baƙuwar fuska a daji, domin babu wanda ya san sawu kamarsa. Wanda kuwa aka bari tsakanin gora da bindiga da kaki, zai kashe duk abin da ya gani yau, tun da gobe ba tasa ba ce. Kaka tana tafe, ganga za ta sake tashi, ya rage wa hukumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji su riga ta isa dajin.