Masu Hawan Dutse: Wuya Ko Ganganci?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa waɗanda hawan dutse shi ne wasansu, kamar yadda ƙwallon ƙafa take a wurinmu. Ba hawan tudu muke nufi ba, irin wanda mukan yi da ƙafa muna taɗi. Muna nufin dutsen da ya miƙe kamar bangon ɗaki, wanda sai da 'yan yatsu da bakin takalmi ake maƙale masa. Wasan nan har ya shiga gasar Olamfik, aka fara yinsa a birnin Tokyo a 2021. Amma fiye da shekara ɗari ke nan masu yinsa suna gardama a kan abu guda. Wa ya fi cancantar yabo, wanda ya hau wuri mafi wuya da kariya a jikinsa, ko wanda ya hau inda faɗuwa ɗaya ta isa ta kashe shi?

Kafin mu faɗi ra'ayinmu, bari mu bayyana yadda ake kare mai hawa. Mutum biyu ne ke aikin. Ɗaya yana hawa da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗayan yana ƙasa yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. Mai hawan kuwa yana tafe yana rataya igiyar a jikin ƙugiyoyin da aka kafa a dutsen. Lissafin ba wuya, ɗan aji ɗaya ma zai iya. In mutum ya wuce ƙugiyarsa ta ƙarshe da mita 3 sa'an nan ya zame, mita 6 zai faɗi, har da ƙari, domin igiyar tana miƙewa. In kuwa ƙugiyar tana mita 5 daga ƙasa, shi kuma ya wuce ta da mita 6, igiyar ta zama ado kawai. Ƙasa ce za ta tare shi.

A nan ne aka rabu biyu. Waɗansu suna huda dutse su kafa ƙusoshi masu ƙarfi kusa da kusa, su bar su nan dindindin. Wannan hanya ta yaɗu ƙwarai a Faransa a shekarun 1980. Waɗansu kuma sun ce a bar dutse yadda aka same shi. Su sai su riƙa cusa 'yan ƙarafa cikin tsagar dutse, na baya ya ciccire su in ya biyo. Inda ba tsaga, ba kariya.

Shekarar 2017 ta ba mu misali biyu da suka isa a gwada. Ran 3 ga Yuni wani Ba'amurke, Alex Honnold, ya hau dutsen El Capitan a jihar Kalifoniya, tsawon wajen mita 900, ba igiya ko kaɗan, cikin awa 3 da minti 56. Bayan wata uku daidai, ran 3 ga Satumba, Adam Ondra ɗan ƙasar Cek ya gama wata hanya mai suna Silence a wani kogo a ƙasar Norwe. Tsawonta mita 45 ne kawai, kuma ƙusoshi ne daga farko har ƙarshe. A ma'aunin Faransawa na auna wuya, hanyar Honnold tana kan 7c+, ta Ondra kuwa 9c, wadda ba a taɓa kaiwa ba kafin ranar. Mataki 11 ke tsakaninsu. Duk da haka fim ɗin da aka yi a kan Honnold ne ya ci lambar Oska a 2019, sunansa kuma shi ne ya zaga duniya. Ondra sai 'yan wasan ne suka san shi.

Mu dai muna ganin tafin jama'a ya karkata inda bai kamata ba. Wuya daban, haɗari daban, amma idon ɗan kallo ba ya rarrabe su. Ondra ya faɗi a kan igiyarsa sau ba iyaka, wata da watanni, kowace faɗuwa kuwa tana nuna masa inda ya sa ƙafa ba daidai ba. Kariyar ce ta ba shi damar gwada abin da ya fi ƙarfinsa har ya iya. Wanda ba shi da igiya ba shi da wannan dama. Dole ya tsaya a kan abin da ya riga ya ƙware a kai, gama kuskuren farko shi ne na ƙarshe. Mu malamai mun san wannan a aji. Ɗalibin da ke tsoron jan biro ba ya taɓa lissafi mai wuya, sai ya yi ta maimaita wanda ya sani.

Amma ba za mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci ba, don su ma suna da hujja. A Birtaniya akwai duwatsun da aka yarda ba za a huda su ba har abada. A yankin Saksoni na Jamus, kusa da birnin Dresden, dutsen yashi ne mai taushi, saboda haka an hana cusa ƙarfe cikin tsaga. Ƙullin igiya ake turawa ciki, ya maƙale ya riƙe mutum. Hujjarsu ita ce, ƙusa ɗaya takan sāke hanya ga dukan waɗanda za su biyo baya, kuma natsuwar zuciya a inda ake jin tsoro ita ma gwaninta ce, ba ƙarfin yatsu kaɗai ba. A 1986 Johnny Dawes ya hau wata hanya mai suna Indian Face a yankin Wales. Wajen wuya ba ta ko kusa da manyan hanyoyin Faransa na lokacin, amma kariyarta ba abin dogara ba ce. Sai da aka yi shekara 8 kafin wani ya sake hawanta.

Abin da ya burge mu game da Ingilishi shi ne ba su ɓoye wa kowa gaskiya ba. Ma'auninsu lamba biyu ne. Ɗaya tana faɗin wuyar motsi mafi tsanani a hanyar, ɗayar tana faɗin nauyin aikin gaba ɗaya, har da haɗarinsa. In ka ga ta farkon ƙarama ce, ta biyun kuwa babba, ka san ba ƙarfi ake nema a wurin ba, rai ake sa wa a kasada. Amurkawa ma sukan ƙara harafin X a gefen lambar hanya, wato faɗuwa a nan tana iya zama mutuwa. Mun yarda a bar irin waɗannan wurare yadda suke, kada a bi su da ƙusoshi don a sauƙaƙa. Babban mutum da ya karanta lambar, ya san abin da take nufi, zaɓinsa ne.

Inda muka rabu da su shi ne wajen kirari. Paul Preuss ɗan ƙasar Ostiriya shi ne ya fi kowa kare hawa ba ƙusa a zamaninsa. Koyarwarsa ita ce kada mutum ya hau inda ba zai iya saukowa da kansa ba. Gwani ne na ƙin ƙarawa, amma ya faɗo ya mutu a 1913 yana da shekara 27. John Bachar, wanda Amurkawa suka daɗe suna yi wa kallon sarkin hawa ba igiya, ya faɗo ya mutu a 2009. Ba rashin iyawa ya kashe su ba. Dutse yakan ɓalle a hannu, ƙafa takan zame a kan ɗan danshi, gwaninta kuwa ba ta hana wannan. Kowannensu kuma ya bar 'yan'uwa suna kuka, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu kafin a hau.

Ko Honnold ɗin da ake ta yabo, akwai abin da masu ba da labarinsa sukan tsallake. Ya fi shekara guda yana bin hanyar nan da igiya, yana haddace kowane wurin kamawa. A watan Nuwamba na 2016 ya fara hawan ba igiya, ya ji jikinsa bai ba shi ba, ya fasa ya sauko alhali masu ɗaukar hoto suna jiransa. Wannan saukowa ta fi hawan cancantar a ba samari labarinta.

Maganar ba ta yi mana nisa ba, domin ɗalibai da yawa sukan je horo a duwatsun Shere kusa da Jos, inda ake koyar da hawa da sauka da igiya. Duk wanda aka zaɓa cikinku, maza da mata, ya nemi bangon da ya fi ba shi wuya, kada ya ji kunyar faɗuwa sau goma a gaban abokansa. Amma kafin ya ɗaga ƙafa daga ƙasa, ya dubi ƙullin da ke ƙugunsa, ya tambayi malamin horo a ina aka ɗaura igiyar, ya kuma san wanda ke riƙe da ita.