Kalma Ɗaya Kowace Rana: A Ba Harshen Gida Kasonsa

Duk wanda ya saba ratsawa ta majalisun samari a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, musamman na ɗalibai masu shirin jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a, ba zai rasa cin karo da wata ɗabi'a mai ban sha'awa ba. Abokai ne sukan ɗaura wa kansu alkawari cewa kowace rana ɗaya daga cikinsu zai zo da sabuwar kalma, ya faɗi ma'anarta, ya sa ta cikin zance, sauran kuma su ɗauka su riƙe. Waɗansu a teburin mai shayi suke yi bayan sallar lisha, waɗansu kuwa ta wayar hannu suke aika wa juna tun da sassafe. Ba shakka wannan abin yabo ne, domin ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi yawancin hirar da ake raba dare a kanta amfani nesa ba kusa ba. Amma fa akwai abin dubawa a cikinsa. In aka saurara da kyau, sai a tarar kusan dukan kalmomin da ake musayar nan na Turanci ne, jefi-jefi a sa na Larabci. Hausa kuwa aikinta fassara kawai. Ba a kawo ta a kan ita ma akwai abin koyo a cikinta.

Ba wanda zai ga laifin yaran nan don sun dage wa Turanci. Da shi ake rubuta jarrabawa, kuma wanda bai ci shi ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi, kome hazaƙarsa a lissafi. Inda kuskuren yake shi ne zaton da ake yi wai Hausa tun a nono aka sha ta, saboda haka an gama da ita. Wannan zato kuwa da an gwada shi sai ya rushe. A sami saurayi haifaffen Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau, a ce ya bambanta sussuka da shiƙa da surfe da bakace, wato aikin da kakarsa ke yi kullum kafin a ɗora tukunya. Ko kuwa a nuna masa doki a ce ya faɗa ko kili ne, ko akawal, ko danda, ko bidi, ko hurde. Da wuya ya wuce fari da baƙi da ja. Ga shi kuwa ya haddace kalmomin Turanci huɗu ko biyar masu ma'ana guda, har yana taƙama da su.

Al'amarin ya fi nauyi a wannan yanki saboda irin Hausar da Allah ya ba shi. Garuruwan nan uku a jere suke kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato: Tsafe daga gabas, Gusau a tsakiya, Bunguɗu daga yamma. Ƙasar Tsafe da Gusau da Kwatarkwashi tana cikin abin da masana tarihi ke kira Katsinar Laka, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa Sarkin Gusau. Daga Bunguɗu kuwa in aka miƙa yamma sai Maru da Talatar Mafara, inda Zamfarci ya yi kauri. A nan ne Katsinanci da Zamfarci da Sakkwatanci suka haɗu suka cuɗanya, sa'an nan jirgin ƙasa, wanda ya ratso ta Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kwaso fataken auduga da gyaɗa, kowa da irin bakinsa. A nan ne tsohuwa za ta ce habdi inda Bakano zai ce toka, ta ce tonka maimakon barkono, kudaku maimakon dankali, sure maimakon yakuwa, mussa maimakon kyanwa. Gujiyarta kuwa ita ce gyaɗar Kano, abin da kan rikita baƙo a kasuwa. Daidaitacciyar Hausa ta makaranta da jarida da rediyo, wadda ta fi jingina da Kananci, ba ta cika aiki da waɗannan ba. Wannan ba aibi ba ne gare ta, don dole a sami ma'auni guda na rubutu. Aibin yana wajen malamin da ke sa wa yaro jan biro a kan kalmar gidansu ba tare da ya gaya masa ita ma Hausa ce tsantsa ba, da kuma abokan da ke yi masa dariyar ƙauyanci har ya haɗiye ta, ya daina faɗa.

Da a ce zaman lafiya ake yi, sai a ce a bi a hankali. To, ba haka abin yake ba. Kalma a jikin aiki take rayuwa, ranar da aikin ya tsaya ita ma ta kama hanya. Kalme da sungumi, firi da maimai, bununi da tumu, rumbu da ruhewa, duk a bakin manomi suke, kuma muddin yana gonarsa ɗansa zai ji su ko ba a koya masa ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna korar mutane daga ƙauyukan Zamfara, ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu kuwa suna cikin waɗanda suka ji jiki. Dattijon da ya bar gonarsa da shanunsa ya zo ya raɓa a kangon wani a Gusau, ba hatsi kaɗai ya baro ba. Jikokinsa za su tashi suna tallan ruwa a tasha, ba su san ranar da ake huɗa ba, balle sunan abin da ake yin ta da shi. A 2021, an rufe kasuwannin mako-mako na jihar, aka kuma katse layukan waya na makonni saboda tsaro, kasuwar ƙauye kuwa ita ce makarantar da harshen dillalai da mahauta da masu awo ke wucewa daga baki zuwa baki. Tun kafin wannan ma, kaɗi da saƙar hannu sun ja baya, sun tafi da gurza da shiɓa da mazari da abawa.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne, yaran yankin suna koyon sababbin kalmomi kullum ba tare da wata majalisa ta ɗora musu ba, sai dai kalmomin baƙin ciki ne. Garkuwa a da abar kare jiki ce a fagen fama, har sarakuna suna naɗa wanda suka amince da shi Garkuwan gari. Yau yaro ɗan shekara bakwai in ya ji ta, satar mutane ke faɗo masa a rai. Kacalla tsohuwar sarauta ce, ga ta nan ta koma laƙabin shugabannin daji. Fansa, da sa-kai, da infoma duk sun zama ruwan dare. Amma kuma akwai abin ƙarfafa zuciya: da Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar da rundunarta ta tsaron al'umma a farkon 2024, sai aka kira ta Askarawan Zamfara, nan take tsohuwar kalmar da ta kusa kwanta dama ta dawo bakin yara da manya. Ashe dai tsohuwar kalma tana tashi in an ba ta aiki.

Neman kalma ɗaiɗaya ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, almajirai suna zuwa mata daga nesa. Karatun zaure kuwa har gobe haka yake tafiya: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, in sun fito abokan karatu su zauna su yi bita. Ta haka ake cin Ishiriniya da Maƙamatul Hariri, kuma a cikin fassarar nan ta malamai akwai tsohuwar Hausa mai yawa da ba a jin ta a kan titi. Malaman luggar Larabci na farko, irin su Asma'i, barin Basra suka riƙa yi suna shiga sahara wajen makiyaya, don sun san a can harshen yake da sauran ƙarfinsa. Kalmar ƙamus kanta daga sunan littafin Fairuzabadi ta samo asali.

Haka kuma ƙamusun Hausa da Turanci na Bargery, wanda aka buga a 1934 da kalmomi wajen 39,000, yawo aka yi ƙasa-ƙasa ana tambayar mutane kafin a haɗa shi, har yakan nuna wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina. Majalisar da ke ɗaukar kalma guda a rana sai ta shekara fiye da ɗari kafin ta ƙure shi, wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ya gama sanin Hausa. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayanin Hausa da Hausa, a 2006. Duk da haka babu ƙamusun da ya ƙure abin da ke bakin tsofaffin Rawayya ko Keta ko Wanke. Su kansu Turawan da ake kwaikwayo, babban ƙamusunsu na Oxford da gudummawar mutanen gari aka gina shi, waɗanda suka yi ta aika kalmomi a kan 'yan guntayen takardu shekara da shekaru har aka kammala shi a 1928. Ba su kuma rufe ƙofa ba, don a 2020 sun shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da Kannywood.

Saboda haka shawarar mai sauƙi ce. Kada a fasa kalmar Turanci, amma duk ranar da aka kawo ta a kawo ta Hausa guda tare da ita, kuma sharaɗin ta Hausar shi ne daga bakin mutum za a ɗauko ta: kaka, ko maƙeri, ko mahauci, ko ɗan gudun hijirar da ke zaune a unguwa. Wanda ya kawo ta ya faɗi garin da ya ji ta da yadda aka sa ta a zance, domin kalmar da ba a ji ta cikin magana ba ƙanƙara ce a hannu. Sa'an nan a rubuta ta a littafi na takarda, da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata, kada a dogara ga waya kaɗai. Wanda ya ga 2021 ya san layi yana ɗaukewa. A kuma yi hattara da masu ƙaƙalo asali, waɗanda kowace kalma sai sun ce daga Larabci ko Turanci ta fito saboda kamar sauti. In an yi gardama a koma ga dattijo na biyu, ko ga ƙamus. Majalisa guda za ta tara kalma 365 a shekara, majalisu goma su tara 3,650, ko da an zubar da rabi saboda maimaici abin da ya rage ba ƙarami ba ne.

Wanda ya rasa tsohon tambaya, ga waƙoƙin makaɗan ƙasar nan birjik. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu, ga Musa Ɗanƙwairo, ga Sa'idu Faru, ga Kassu Zurmi. Samari da yawa suna da su a waya, suna kaɗa kai, amma in aka tsayar da waƙar aka tambaye su ma'anar ɗa guda sai a ji shiru. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana nazarinsu a Jami'ar Bayero, littattafansa kuwa suna nan ga mai bukata. Waƙa guda ta Ɗanƙwairo tana iya ciyar da majalisa wata cur.

Sauran aiki na hukumomi ne, kuma ba mai cin kuɗi ba ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana koyar da Hausa, haka ma Kwalejin Ilmi ta Maru. Ya kamata malamansu su buɗe ƙofa ga littattafan majalisun nan, su tace su, su sa ɗalibansu su bi sawun kalmomin da ba a samu a ƙamus ba. Gidan rediyon jiha yana iya ware minti biyar kowace safiya don kalmar ranar, a ambaci garin da ta fito, masu sauraro su ƙara bayani. Fadodin Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu kuwa cike suke da fadawa da makaɗa da sarakunan sana'a waɗanda suka san sunan kowane kayan doki da kowace ƙira. In masu martaba suka yi umurni, rana guda a mako ta isa ɗalibai su je da littafi da alƙalami su zauna a gabansu.