Wa Ya Ce Sai da Tsakar Rana Aure Ke Ɗauruwa?

Bazara ta zauna da gindinta, kuma ta zo daidai lokacin da kowa ke son aurar da 'yarsa. Wanda bai samu ya yi a Sha'aban ba ya ɗaga zuwa bayan Sallah. Ga shi kuwa a 'yan shekarun nan azumi a bakin bazara yake faɗowa, sai Shawwal ya iske Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yini cikin zafin da ya haura digiri 40. Ba ni da ja a kan wannan. Aure alheri ne, ko a wane wata ya zo muna maraba. Sa'ar da muke tsayarwa ce ta dame ni. A unguwarmu yanzu, in ba ƙarfe biyu da rabi bayan an sauko Juma'a ba, to ƙarfe ɗaya ne na ranar Asabar, lokacin da ko akuya ta san ta nemi gindin katanga.

Juma'ar da ta wuce na je ɗaurin auren 'yar wani aminina. Masallaci ya cika tun kafin liman ya hau mumbari, mu da muka makara muka shimfiɗa dardumarmu a kan kwalta. Aka idar da salla, aka yi jana'izar da ke jira, sannan mai sanarwa ya ce masu ɗaurin aure su ɗan dakata, waliyyin amarya yana hanya. Uban yarinyar na nan zaune da ransa da lafiyarsa, baffanninta ma sun zo tun daga ƙauye, amma waliccin an kai shi ga wani Honarabul, domin a ji a gari cewa shi ya ba da aure.

Muka zauna. Rumfar tamfol ɗaya aka kafa, ita ma ta manyan baƙi ce, kujerunta babu kowa, wani yaro na tsaron su da sanda. Ango na tsaye cikin shadda mai sitaci, 'yar ciki da babbar riga da hula, zufa ta zana masa layi tun daga wuya har ƙugu. Abokansa da suka yi anko suna ta fifita da katin gayyata. Ruwan leda da yara ke tallarsa ya yi ɗumin da sai dai ka wanke fuska. Duk wanda ka tambaya amsa ɗaya ce: ya taso, ya kusa, ga shi nan a shatale-tale. Maroƙi ya yi kirari har muryarsa ta dushe, ya koma ya raɓe a jikin wata mota.

Ana cikin haka wani dattijo da ke gefena ya sulale. Aka yi ca a kansa, wannan ya cire masa hula, wancan ya yayyafa masa ruwa, aka ja shi zuwa inuwar shagon wani mai faci. Da ya dawo hayyacinsa na ce masa, "Baba, ai da kun zauna a gida an kawo muku goronku." Ya ce, "Ɗana, zumunci ne ya fito da ni. Kakan yarinyar nan tare muka yi karatun allo." Ban sami abin ce masa ba.

La'asar ta kawo kai sannan muka ji jiniya. Mutumin ya fito daga mota mai sanyi, fuskarsa ko ɗigon gumi babu, ya ɗaga wa jama'a hannu, aka buɗa masa hanya har gaban liman. Aka yi salati, aka ambaci sadaki lakadan ba ajalan ba, aka ce an bayar, aka ce an karɓa, aka shafa Fatiha. Kafin ka gama gyara zama an gama. Ya koma motarsa, jiniya ta sake tashi. Bai ma san an ɗauke wani tsoho ranga-ranga saboda jiransa ba, kuma babu wanda zai gaya masa, domin masu kewaye da shi ba a ɗauke su aikin faɗar irin wannan ba.

Iyayenmu ba haka suka yi ba, kuma su ba su da na'urar sanyaya ɗaki ko firiji. Abin da suke da shi sanin lokaci ne. Ɗaurin aure da safe ake yinsa, bayan asuba ko da hantsi, a ƙofar gida ko a zaure. A raba goro da dabino, kafin rana ta take kowa ya kama gabansa. A karkara kuwa yawanci sai an yi kaka, rumbu ya cika, sanyi ya sauko, sannan ake sa ranar biki. Mata su yi yininsu a tsakar gida, amma ƙwarya ba ta ɗaukar zafi sai rana ta karya. Wanda ya ga zamanin Barmani Coge ya san haka. Amarya sai dare ake kai ta. Saurayi ma ba ya zuwa zance da rana tsaka. Sai bayan isha'i, a shimfiɗa masa tabarma a dakali, ƙanin yarinya ya kawo masa ruwan randa a kofin silba, iska na kaɗawa, a yi hira da mutunci. 'Yan mata su fita dandali da farin wata su yi gaɗa. Tsakanin azahar da la'asar gari kan yi tsit, kowa na ƙailula. Ba lalaci ba ne. Mutanen nan sun fi mu aiki, sai dai sun san ba a ja da rana.

Ko fada ta san wannan. Hawan Daushe a Kano da yamma ake yinsa, Hawan Nassarawa kuma da safe. Sarki da dawakansa da 'yan lifidansa ba su ga dalilin fita ƙarfe ɗaya na rana ba. Addini ma ya riga mu. Yana cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta har a sami sauƙi. Sallar farilla ke nan aka yi wa wannan rangwame. Mu kuma mun ce ɗaurin auren da za a iya yi a kowace sa'a ta yini, shi ne ba zai motsa ba.

Za a ce mini Juma'a tana da albarka kuma ta riga ta tara jama'a, cewa baƙi daga nesa suke tahowa, kuma hanyoyinmu ba na bin dare ba ne yanzu. Na yarda da maganar hanya. Amma ƙarfe goma na safe ba dare ba ne, kuma safiyar Juma'a ma Juma'a ce.

Wanda yake ganin ƙorafin tsufa kawai nake yi, ya tuna abin da ya faru a maƙwabta. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A kwana huɗun farko na wannan wata asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka samu. Da yawansu tsofaffi ne, irin wanda ya sulale a gefena. A aikin Hajjin 2024 kuma sama da alhazai 1,300 suka rasu, lokacin da zafin Makka ya haura digiri 51. Saudiyya, wadda ta fi mu kuɗi da asibitoci, tana hana leburori aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Su sun yi wa mai ɗaukar bulo doka. Mu mun ɗauki kakanninmu masu hawan jini da ciwon suga mun jera su a kan kwalta a daidai wannan sa'a, muna kiran abin karramawa.

To me ya canza? Mun koyi sayen sanyi, shi ke nan. Wanda ke tsara lokacin biki yau ba ya cikin waɗanda rana za ta doka. Daga ɗaki mai sanyi yake fitowa ya shiga mota mai sanyi, ta sauke shi a zauren taro mai sanyi. Biki ya bar tsakar gida ya koma waɗannan zauruka da aka gina babu taga, waɗanda in janareta ya tsaya minti goma kwalliyar amarya za ta gangaro har haɓa. Kamu a zaure, dina a zaure, walima a zaure, da wasu shagulgulan da ko sunansu kakar amarya ba ta iya faɗa. Kowanne sai an sha dizal. A ranar nan da Kayes ke ƙonewa, 3 ga Afrilun 2024, aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit. Mai zaure ba daga aljihunsa zai biya ba. Uban amarya ne zai biya, wanda bai gama da kayan ɗaki da gara ba, da angon da lefe ya riga ya ƙwaƙule. Sai a shiga gidan aure da bashi, wata uku a fara kai ƙara wurin iyaye. 

Wasannin mawaƙa na bayan Sallah ma haka. A rubuta ƙarfe huɗu, yara su fara layi tun azahar, a cusa su a ɗakin da ya kamata ya ɗauki rabinsu, mawaƙi bai iso ba sai an yi isha'i. Kuma a wane lokaci? A lokacin sanƙarau, cutar da ba ta son komai kamar cunkoso da busasshiyar iska mai zafi. A 1996 ta kashe sama da mutum dubu 11 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Waɗanda suka ga shekarar ba su manta ba. Masu sayar da tikiti ne ba su da labari, ko kuma suna da shi ba su damu ba. Shata a fili yake wasa, jama'a ta kewaye shi, sama a buɗe. Ba wanda ya ce waƙarsa ta rage daɗi don babu fitilu masu walƙiya.

Sai abinci. Allah da Ya yi bazara Ya aiko ta da maganinta. Yanzu ne mangwaro ke zuba. Ka je 'Yan Lemo a Na'ibawa ka ga manyan motoci na saukewa, wani tun daga Binuwai, ga binta suga, ga paparanda, ga mai zaren nan da yara ke tsotsa har gwiwar hannu. Ga kankana jibge a bakin titi. Ga ɗorawa ta nuna. Muna da fura da nono, da kunun aya, da zoɓo, da tsamiya, da lamurje. Amma ka buɗe ledar da aka miƙo maka a wurin biki: soyayyiyar shinkafa da aka dafa tun asuba, da haɗin kabeji da mayonis wanda ya yini a bayan mota, da lemon kwalba mai ɗumi, da tufa guda ɗaya da aka yi mata jigila daga Afirka ta Kudu. Washegari rabin dangi na kemis suna neman maganin gudawa. Na tambayi wata uwar biki me ya hana ta yanka kankana da mangwaro ta raba. Ta ce, "Haba Malam, so kake a ce mun gaza?" Wato abin da ke da arha kuma yake da amfani shi ne abin kunya. Mangwaron manominmu ya ruɓe a kasuwa, kuɗinmu ya tafi gonar wani.

Da ma a ce akwai inuwa, da abin ya zo da sauƙi. Masallatai nawa ne a biranenmu suka rage da itace a harabarsu? Darbejiyar da magabata suka dasa mun sare mun zuba shaguna, sauran filin mun malale shi da siminti. Ku leƙa jihohin Maraɗi da Damagaram ku ga yadda manoma, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin kututture yana tohowa a gonakinsu har aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200. Cikinsu har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, daidai lokacin da ake neman inuwarsa. Su talakawa ne suka yi da hannunsu. Mu kuma kowace shekara sai a yi bikin dashen itace, a ɗauki hoto, awaki su cinye dashen kafin mako ya zagayo.

Ba gwamnati nake kira ba, don ba ita ke buga katin biki ba. Limamai nake kira, domin su ke da wuƙa da nama. Allah gafarta Malam, in an zo maka da ɗaurin aure a watannin nan, ka ba su safiya. In sun nace sai bayan Juma'a, ka gaya musu tun a zaure cewa da ka sallame za ka ɗaura, kuma uban yarinya ko baffanta ya isa ya ba da aurenta. Shari'a waliyyi da sadaki da shaidu ta nema, ba ta ambaci jiniya ba. Babban baƙon da ya makara ya wuce gida ya yi wa iyaye Allah sanya alheri, ba abin da zai ragu a jikinsa. Ranar da aka ɗaura aure biyu ko uku kafin isowar masu jiniya, za ku ga sun koyi duba agogo.