Kada a bar kacala ta cinye mana fadamar Rima

Duk wanda ke noman rani tsakanin Giyawa, Wurno da Rabah ya san kacala, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero da ke tsirowa inda ruwa ya kwanta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke wuce ta a bakin magudanai kamar ba komai ba ce, alhali mun ga abin da ta yi wa wasu.

A je Hadejia da Nguru a gani. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake ambaliya da damina ya janye da rani, sai ya koma gudana shekara cur. Abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta mamaye gonakin shinkafa, ta hana masunta jefa taru, ruwa ya karkata ya cinye ƙauyuka. Haka ta yi wa kogin Senegal bayan madatsar Diama ta 1986.

To, mu da me muka fi su? Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ma ta sauya wa gulbin Rima hali. Duk magudanar da aka bari ba yashewa, duk ruwan da ya yoyo ya kwanta, gida ne aka gina wa kacala. Kai guda yana watsa iri dubbai a iska, saiwarta kuma tana rarrafe a ƙarƙashin laka. Cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana, ya wayi gari a gonar shinkafa. Cikinta sauro ke hayayyafa, da dodon koɗin da ke sa wa yaranmu tsargiya.

Manomi shi kaɗai da laujensa ba zai iya ba. Ya sare ta, ta toho. Ya cinna mata wuta, ta dawo ta fi da, domin wuta ba ta kaiwa ga saiwa. Maganinta sananne ne: a yanke ta a ƙasan ruwa don saiwar ta shaƙe ta ruɓe, a yi haka kafin ta fitar da kai, a riƙa busar da magudanai lokaci-lokaci. A Senegal da Muritaniya har gawayin girki ake yi da ita. Mu da muke sare itatuwan da suka rage mana saboda girki, me ya hana mu koyi wannan?

Ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da gwamnatin jiha: ku sa kuɗin yashe magudanai a kasafin kowace shekara, ku kawo injinan yanka, ku tsara sakin ruwa tare da ƙungiyoyin manoma. Hakimai da sarakunan noma, ku farfaɗo da gayya. Ba mu son ranar da za a zo mana da buhunan tallafi da masu ɗaukar hoto bayan fadama ta tafi. Shinkafar Wurno da albasa da tafarnuwar wannan kwari su ke ciyar da gidajenmu, kuma wanda ya bari ciyawa ta ƙwace su da gangan, ya ci amanar talakawa.