Wa Ya Taka Motar Kara?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun ji, mun kuma yarda. Amma jama'a, mu dubi Allah mu tambayi kanmu: tanƙwara shi muke yi, ko karya shi?

Duk wanda ya taso a Gozaki ko wani gari na ƙasar Kafur ya san abin da kan faru da kaka. Da an girbe dawa, sai yara su bazu cikin gonaki, kowa da guntuwar rezarsa. A fere ɓawon kara, a yanka totuwa, a fafe sakaina ko tsohon silifa a yi tayu, kafin la'asar sai ga gingimari, har da sitiyarin da ke juya tayun gaba. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Ni kaina, ina aji huɗu, malaminmu ya kama ni da tawa a ƙarƙashin benci, ya sa ƙafa ya take ta, ya ce wasan banza ne. Sa'an nan ya sa muka haddace ma'anar inji da Turanci. Haddar ta gudu tuni, amma har gobe ina iya haɗa sitiyarin nan ido rufe.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo injunan koyar da sana'a daga Gabashin Turai, irin su Bulgeriya. A makarantu da yawa akwatunan suka yi shekara da shekaru ba a ko buɗe su ba, don ba lantarki, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san kansu. Tsatsa ta ci, gara ta ci, ɓarayi suka kwashe saura. Yau kuma da aka shigo da zancen koya wa yara haɗa mutum-mutumi, sai ga masu wannan tunani sun sake tasowa, wai sai an ba da kwangilar kwamfutoci tukuna. Haba! Sau nawa rami ɗaya zai karya mu?

Mene ne mutum-mutumi in ba abu uku ba? Abin da zai ji, abin da zai yanke shawara, da abin da zai motsa. A ba yaro batirin tocila, da ƙaramar motar da aka ciro daga mataccen rikoda, da waya, ya ɗaura wa motarsa ta kara ta tafi da kanta: ya san motsi ke nan. A sa masa makunni a goshinta, yadda in ta bugi bango za ta tsaya: ya san ji. Daga nan sai a kai shi ga ƙusoshi biyu da za a soka a ƙasa, su nuna ko shuka na jin ƙishi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya wuce da lantarki. Sai a ƙarshe ne ɗan allon nan na Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, zai shigo ya zama ƙwaƙwalwa. Abin da Seymour Papert ya kafa hujja a kai ke nan a littafinsa Mindstorms na 1980: yaro ya fi fahimtar abin da ya gina da hannunsa.

Wani zai ce ɗan manomi me ya haɗa shi da wannan? To, wa zai gyara injin ban-ruwan masu tumatir na Danja, da injin casa, da na'urar sola da ta cika kasuwannin Funtua da Malumfashi? William Kamkwamba ɗan manomi ne a Malawi, amma yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya kawo wuta gidansu. A Kano ma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da sassan tsohuwar mota da babur. Wani kuma zai ce makarantunmu ko rufi ba su da shi. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Amma kara ba a sayensa, tarkacen rediyo kuwa na nan jibge a rumfar kowane mai gyara.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, mu daina jiran gwamnati. In an yi hutu, kowa ya tara yara goma na unguwarsu, maza da mata, a gindin bishiya, ya gayyato maƙeri da mai gyaran rediyo su zama malamai. Ku kuma malaman firamare, don Allah in kun ga motar kara a ƙarƙashin benci, ku ɗora ta bisa tebur, ku ce wa mai ita ya yi wa aji bayani. Allah ya sa mu gane.