Tagar da ta fi bango girma

Yau daga Dungas na kawo muku magana, kuma maganar taga ce. Sai dai ba irin wadda mai walda ke ƙerawa ba, ko da yake, kamar yadda za ku gani, ladabin aikin guda ne.

Akwai wani Alhaji a garin, dattijo mai fataucin wake da riɗi, wanda kayansa ba su rasa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shekara da shekaru lissafinsa yana cikin littattafai masu baƙin bango: buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, wa ya ci bashi da naira, wa ya ci da sefa. Da ƴaƴansa suka matsa masa, sai ya biya wani saurayi da ya yi karatu a Yamai ya gina masa manhaja, wadda a ofisoshinmu ake kira lojisiyel. Saurayin ya zo ya nuna aikin bisa tasa kwamfutar, sabuwa mai faffaɗan allo, kowa ya yaba. Aka zuba manhajar cikin wata ƙaramar kwamfuta ta hannu da aka sayo a Kano, aka sallami mai aiki, ya koma.

Mako 3 ɗan Alhaji yana cika gurabe: sunan dillali, yawan buhuna, kuɗin da aka bayar, saura. In ya gama sai ya rufe, ya ɗauka abin ya shiga. Ranar da gardama ta tashi tsakaninsu da wani dillali a kan cikon kuɗi, aka buɗe kwamfuta don ta raba gardama, sai aka tarar da ita fayau. Ko layi guda ba ta riƙe ba. Alhaji ya ce da ni: "Malam, kai da ka san bokon nan, duba mini. Yaron nan cutata ya yi, ko kuwa injin ne ke da aljanu?" Na ce: "Alhaji, a yi haƙuri in gani tukuna."

Ba cuta ba ce, ba kuma aljanu. Maɓallin da aka rubuta wa Enregistrer, wanda sai an danna shi lissafi ke shiga, yana can ƙasan taga, ƙasan tagar kuwa ya faɗa bayan iyakar allo. Yaron bai taɓa ganinsa ba, balle ya san da zamansa.

Ga wanda bai saba ba, taga ita ce murabba'in nan da ke buɗewa bisa allo in ka kira wata manhaja: tana da goshi mai ɗauke da suna, da ƴan maɓallai 3 na rufewa, na faɗaɗawa da na ɓoyewa, sai kuma ciki inda aikin yake. Masu bincike na kamfanin Xerox a Amurka sun gwada wannan dabara da injinsu Alto a 1973. Apple ya kai ta kasuwa da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo da Windows a 1985, har ya ɗauki kalmar tagogi ta zama sunan hajarsa. A Windows na fari ma tagogin jere suke kamar tabarmi a masallaci, sai a 1987 aka ba su damar hawa kan juna.

Abin lura shi ne, taga ba mallakar manhaja ba ce ita kaɗai. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke riƙe da allo da linzami da madannai, kuma ita ke bai wa ƙananan manhajoji wurin zama. Manyan gidajen 3 ne: Windows, da macOS na Apple, da Linux wanda Linus Torvalds ya soma a Finlan a 1991. Kowane gida da al'adarsa. A Windows maɓallin rufewa yana dama, a Mac yana hagu. A Windows in ka rufe tagar ƙarshe yawanci manhaja ta tafi ke nan. A Mac tana nan da ranta tana jira. A Mac jerin umarni yana can saman allo, ba cikin taga ba. Linux kuwa gidan yawa ne, kowane ɗaki da tsarinsa: Ubuntu ya kwashe maɓallansa ya kai hagu a 2010, ya maido su dama a 2017, bai nemi izinin kowa ba.

Maginin manhaja ba ya son yin aiki guda sau 3. Saboda haka aka ƙirƙiro kayan aiki masu alkawarin cewa ka rubuta sau ɗaya, abin ya yi aiki a kowane gida. Qt ya fito daga Norwe a 1995. Shi ke riƙe da tagar VLC, wanda kusan duk mai kallon fim a kwamfuta ya sani. Java ma a 1995 ta bayyana, kuma da ita aka gina SYDONIA World da ƴan duwan da masu fiton kaya ke aiki da shi. GitHub ya fito da Electron a 2013, wanda ke naɗe shafin intanet ya mai da shi manhajar tebur, sai Tauri da ya kai cikakken fitowarsa ta farko a 2022. Alkawarin gaskiya ne, amma rabinta. Tun zamanin Java masu sana'ar ke yi wa kansu ba'a cewa sau ɗaya ake rubutawa, gyara kuwa sai an bi gida gida.

To, ina gizo ke saƙar? Cikin ƴan layuka ƙalilan da magini ke rubutawa kafin taga ta buɗe. A nan yake faɗin faɗinta da tsawonta, da iyakar ƙanƙantar da za ta iya yi, da ko an yarda mai aiki ya ja gefenta ya rage ta, da inda za ta tsaya bisa allo, da ko za ta zo da goshinta na gado ko za a cire shi. Ana auna duk wannan da ɗigo, wato ƴan ƙananan ɗigogin haske da suka haɗu suka yi allo. In magini bai ce komai ba, Electron da Tauri kan buɗe taga mai faɗin ɗigo 800 da tsawon 600.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Kwamfutar ɗan Alhaji, kamar tarin ire-irenta da ke shigo mana ta Kano da Kwatano, allonta 1366 ne a faɗi, 768 a tsawo. Zirin da ke kwance ƙasan allo a Windows 10 yana cin 40. Saura 728. Saurayin nan kuwa ya ƙayyade tagarsa a kan tsawon 800, ya kuma kulle ta don kada a lalata masa tsari. A cire 728 daga 800, ɗigo 72 ke nan ba su da wurin zama, kuma a cikinsu maɓallin yake. Da mai walda ne ya kawo taga ta fi ramin bango da taƙi guda, ba mai biyansa sai ya koma ya yanke. Amma da yake wannan a cikin allo take, an biya har da godiya.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ma'aikata ya fi kamawa. Wanda idonsa ya fara gajiya yakan sa a ƙara masa girman rubutu zuwa kashi 125 cikin 100. Daidai ne, haƙƙinsa ne. Sai dai daga lokacin, allon 768 ya koma kamar 614 a wurin manhaja. A cire zirin ƙasa, saura 574. Ko tagar nan ta 600 da ake ɗauka ƙarama ce ba ta shiga. Kada kuma mai sabuwar kwamfuta ya yi dariya: allon 1920 da 1080, in an sa shi a kashi 150 kamar yadda ƙananan kwamfutoci da yawa ke zuwa, tsawonsa 720 ne kacal, bai ma kai na tsohuwar ba. Tsadar inji ba ta warkar da taga marar hankali.

Maganin ba boyayye ba ne, kuma ba ya cin kuɗi. Duk kayan aikin da na lissafa suna da hanyar tambayar uwar manhaja: fili nawa ya rage bisa wannan allo? Magini na kirki yakan tambaya kafin ya buɗe taga, ya yanka ta daidai wurin. Yakan bar ta a iya ragewa da ƙarawa. Yakan dasa muhimman maɓallai inda ba su motsi, ya bar sauran ciki ya riƙa gungurawa sama da ƙasa. Wanda bai yi haka ba, ba ilimi ya rasa ba. Bai taɓa zama gaban allon da ya fi nasa ƙanƙanta ba ne.

Sauran tarkunan zan bi su da sauri. Wata manhaja tana tuna inda aka bar tagarta jiya. In jiya an haɗa kwamfutar da majigi a zauren taro, yau sai tagar ta buɗe a allon da babu shi, ma'aikaci ya yi ta danna, ya ce ta mutu. Wani magini kuma, don ƙawa, yakan cire goshin gado ya zana nasa, ya manta da wurin kamawa, sai taga ta kafe kamar an dasa ta. A Linux na yanzu, ƙarƙashin tsarin Wayland da Ubuntu ya mai da na yau da kullum a 2021, ba a ma yarda manhaja ta zaɓi inda tagarta za ta tsaya ba. Wanda ya gina aikinsa bisa wannan zato ya gina bisa rairayi. Electron kuwa kowace manhaja tasa tana tafe da nata Chromium a goye, abin da ke nauyaya wa tsohon inji, kuma tun 2023 sababbin fitowarsa suka daina aiki da Windows 7, alhali ba a rasa shi a wasu teburanmu.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ni ta fi damuna. Maɓallin da aka yanka daidai kalmar Ingilishi mai harafi 4, in aka zuba masa Enregistrer mai harafi 11, sai ya datse ta. Mun saba ganin haka har mun daina lura. To, a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk ranar da aka ce a fassara tagogin ofisoshi, za a ga cewa Hausa takan buƙaci kalma 2 ko 3 inda Bature ya sa guda. Za a ga kuma ko rubutun da aka zaɓa ya san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko kuwa zai mai da su ƴan akwatuna. Ban ma taɓo ajami ba, wanda ke tafiya daga dama zuwa hagu, ya bukaci a juya tagar duka kamar a madubi. Qt ya iya wannan, in an tambaye shi. A yankin Magariya da Dungas, inda ɗan kasuwa da yawa ya fi sakin jiki da ajami bisa boko, wannan ba zancen ado ba ne.

Ga ma'aikatan da ke karɓar aiki da sunan hukuma, ko a meri ko a wata ma'aikata, shawarata ita ce kada a sa hannu bisa takardar karɓa don an ga abu ya yi kyau a kwamfutar mai kwangila. A ce ya zuba shi cikin mafi tsufan injin da ke ofis, wanda sakatare ke fama da shi. A ƙara girman rubutu zuwa 125, a buɗe kowace taga, a nemi kowane maɓalli. A haɗa majigi, a cire, a sake buɗewa. A rubuta suna mai ƙ da ɗ, a buga bisa takarda a gani. In an ce manhajar tana aiki a Windows da Linux, a gwada duka biyun, kada a karɓi rantsuwa. Kuma a rubuta cikin yarjejeniya mafi ƙanƙantar allon da dole ta yi aiki a kansa, da lambobi. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a koya masa wannan: ba ya biyan buhu sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, ga ƴan dabaru kafin mai gyara ya iso. Ka mai da girman rubutu kashi 100, ka sa zirin ƙasa ya riƙa ɓoye kansa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa maɓalli ya leƙo. Madannin Tab yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi har ya kai ga maɓallin da ido bai gani, sannan ka danna Entrée, amma a yi hattara, kana iya faɗawa kan na sokewa. Tagar da ta ɓace a allon da babu shi, riƙe madannin Windows ka danna kibiyar hagu ko ta dama, takan dawo. A Linux, riƙe Alt ko madannin Windows ɗin, gwargwadon irin naka, ka kama taga ta ko'ina ka ja ta sama.

Saurayin ya zo Dungas bayan an kira shi, kuma in faɗi gaskiya bai yi gardama ba. Da ya ga allon sai ya dafe kai. Layi 4 ya canza, shayin da aka ɗora bai kai ga zuba na biyu ba ya gama. Lissafin mako 3 dai bai dawo ba. Cikon kuɗin dillali sai da aka tara shaidu a zaure aka daidaita, kowa ya rage wani abu. Alhaji ya yarda a ci gaba da kwamfuta, bisa sharaɗin littafi mai baƙin bango ya zauna kusa da ita har bayan kakar riɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.